"Command not found": Shin Manhajar Ce Ta Ɓace, Ko Wurin Nemanta Aka Sauya?

Idan ka rubuta umarni a baƙin allon Linux, kwamfuta ta amsa maka da "command not found", me ta faɗa maka takamaimai? Manhajar ce babu? Lalacewa ta yi? Ko wata cuta ce ta shiga ta cinye ta?

Wannan tambaya ta yi ta yawo a bakin masu harkar kwamfuta a nan Zariya saboda abin da ya sami wani matashi da ke kula da sabar wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada. Yana so ya riƙa kiran `mysql`, umarnin rumbun bayanai na XAMPP (tarin manhajojin tafiyar da saba), ba tare da rubuta doguwar hanyarsa ba, sai ya ƙara layi ɗaya a wani fayil, ya fita, ya sake shiga. Daga nan `ls` mai jero fayiloli ya ƙi, `nano` na gyara rubutu ya ƙi, `sudo` mai ba da ikon admin ma ya ƙi. Ya kira ni da dare muryarsa na rawa: "Yaya, wallahi komai ya tafi, ko `ls` ba ya yi." Na ce masa kada ya taɓa komai sai na zo da safe. Kafin in isa wani ya riga ya ba shi shawarar ya yi fomatin, kuma ya yi. Makin ɗalibai na makonni da malamai suka shigar ya bi ruwa. Ba abin da ya lalace a sabar nan tun farko, haruffa shida kawai ya manta bai rubuta ba. Garin neman gira aka rasa ido.

## Wa ke ba ka wannan amsa?

Ba Linux gaba ɗayansa ke magana da kai ba. Wata manhaja ce guda da ake kira shel, wadda aikinta ta karɓi abin da ka rubuta, ta nemo manhajar da ta dace, ta tayar da ita. Asalin tsarin daga Unix yake, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs na Amurka a 1969. Shel ɗin Stephen Bourne ya fito a 1979, shi kuwa bash da yawancinmu ke amfani da shi yau, Brian Fox ne ya rubuta shi, ya fito a 1989. Shi ya sa saƙon yakan fara da sunan mai maganar: `bash: nano: command not found`. Wani lokaci za ka ga `sudo:` a farko, wani lokaci `sh:` ko `zsh:`. Mutane ba sa kula da wannan kalma ta farko, alhali rabin amsar tana cikinta.

Shel ba ya bincike faifan kwamfuta duka. Ka ɗauka ka aiki yaro Sabon Gari ya sayo maka wata waya, ka lissafa masa shaguna biyar, ka ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya. In ya samu a shago na biyu, ya saya ya dawo, ba ruwansa da sauran ukun. In bai samu a duka biyar ɗin ba, zai dawo ya ce maka babu. Wannan "babu" tasa ba ta nufin babu wayar a Zariya, wataƙila tana jibge a PZ, sai dai ba ka sa PZ a lissafin ba.

Wannan lissafi shi ne PATH. Ka rubuta `echo $PATH` za ka ga jerin foldoji, an raba su da ɗigo biyu, misali `/usr/local/bin:/usr/bin:/bin`. Daga hagu ake farawa, kuma na farko da aka tarar shi ake ɗauka.

Kafin ma ya fita neman, bash yakan duba abin da ke hannunsa. Da farko laƙabin da ka ƙirƙira da `alias`, sai ayyukan da aka ayyana a cikin shel ɗin, sai umarnin da aka gina a jikinsa irin su `cd`, `echo` da `export`. Sai duk waɗannan sun gaza yake komawa ga PATH. In kuwa akwai alamar `/` a cikin abin da ka rubuta, kamar `/usr/bin/nano` ko `./ajiya.sh`, to ba ya duba PATH sam, kai tsaye yake tafiya inda ka nuna. Ka riƙe wannan, domin ita ce ƙofar tsira ranar da komai ya ƙi.

## Ciwo uku, alama ɗaya

Saƙon ɗaya ne amma abin da ke haddasa shi kashi uku ne: ko manhajar ba a ɗora ta ba, ko tana nan amma ba a kan hanyar da ake dubawa ba, ko kuma abin da ka rubuta ba shi kake zaton ka rubuta ba. Maganin kowanne daban, kuma yawancin ɓarnar da ake yi daga shan maganin wani ciwon take fitowa.

Abin da nake fara rubutawa shi ne `type -a` da sunan umarnin. Zai gaya maka ko laƙabi ne, ko na jikin shel ne, ko fayil ne, da duk wuraren da ya gan shi. Na fi son sa a kan `which`, domin `which` manhaja ce ta waje, a tsarin da yawa ba ta san laƙabi ko umarnin jikin bash ba. In `type` bai gani ba, sai a tambayi mai kula da ƙunshin manhajoji. A Debian da Ubuntu, wato wasu nau'o'in Linux, `dpkg -L` da sunan ƙunshin zai jero duk fayilolin da ya zuba da inda ya zuba su, `apt-file search` kuma zai faɗa maka ƙunshin da ke ɗauke da umarnin da ba ka da shi. A dangin Red Hat da Fedora, `dnf provides` ke wannan aiki.

Akwai kuma lambar da shel ke bari bayan kowane umarni, wadda `echo $?` ke nunawa. 127 na nufin ba a ga umarnin ba. 126 na nufin an gan shi amma ba a iya tayar da shi ba, galibi saboda ba shi da izinin aiki, wanda `chmod +x` ke gyarawa. Wanda ya ga 126 ya tafi yana tonon PATH, ɓata dare kawai zai yi.

## Umarnin da aka daina zuwa da su

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ya fi kama ɗaliban da ke zuwa koyon aiki daga Samaru da Kongo da tsofaffin takardun darasi a hannu. Takarda ta ce a rubuta `ifconfig`, sabuwar saba ta ce ba ta san shi ba. Gaskiya ta faɗa. Ƙunshin net-tools mai ɗauke da `ifconfig` da `netstat` an daina ɗora shi kai tsaye tun Debian 9 a 2017, haka Ubuntu 18.04. Magadansu su ne `ip addr` da `ss`. Haka `python`: an daina tallafa wa Python 2 ranar 1 ga Janairun 2020, kuma Ubuntu 20.04 ta zo da `python3` kaɗai, sai wanda ya ga dama ya ɗora `python-is-python3`. `ll` ma da wasu ke zaton umarni ne, laƙabi ne kawai da Ubuntu ta sa a fayil ɗin mai amfani, ka koma Debian ba za ka tarar da shi a kunne ba.

Wasu na ganin a ɗora net-tools a wuce wurin. Ni ina ganin wanda zai ci abinci da wannan sana'a gara ya koyi `ip`, domin ranar da zai fi bukatar duba adireshin saba ita ce ranar da sabar ba ta da intanet ɗin da za a sauke net-tools ɗin da shi.

## Saba ɗaya, PATH iri-iri

A nan gizo ke saƙar. Mutane na ɗauka PATH abu ɗaya ne na kwamfutar baki ɗaya. Ba haka ba ne. Kowane aiki da ke gudana yana da nasa, ya gaje shi daga wanda ya tayar da shi. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: wa ke nema a wannan karon, kuma wane lissafi ke hannunsa?

Mu fara da `su`, umarnin da ke mai da kai root, wato babban admin mai cikakken iko. A Debian, mai amfani na yau da kullum ba shi da `/usr/sbin` da `/sbin` a PATH ɗinsa, alhali nan ne kayan aikin admin suke, irin su `adduser`, `usermod`, `fdisk` da `reboot`. Da can in ka rubuta `su` kaɗai, akan sauya maka PATH zuwa na root. Daga Debian 10 da ta fito a 2019 abin ya canja: `su` kaɗai zai mai da kai root amma ya bar ka da lissafin talaka. Sai ka ga mutum ya sa kalmar sirri daidai, alamar `#` ta fito, amma `adduser` ya ce ba ya nan. Maganin ɗan layi ne guda: `su -`. Wannan ƙaramar alama tana cewa a shigo da kai kamar yanzu ka shiga a matsayin root, da muhallinsa duka.

`sudo` kuma nasa salon daban. A tsarin da yawa ba ya amfani da PATH ɗinka ko kaɗan, yana da nasa da ake kira `secure_path` a cikin `/etc/sudoers`. Dalilin tsaro ne: kada wani ya ajiye gurɓatacciyar manhaja a foldarsa, ya sa mata sunan umarnin kirki, a tayar da ita da ikon root. Sakamakon shi ne, umarni zai yi aiki lafiya da sunanka, ka sa masa `sudo` a gaba ya ɓace. Ubuntu ta sa `/usr/local/bin` a nata jerin, CentOS 7 kuwa ba ta sa ba, shi ya sa wanda ya saba da ɗaya yake rikicewa a ɗayan. In gyara ya zama dole, da `visudo` ake yi, domin shi yana duba kuskure kafin ya ajiye, kuma kuskure a wannan fayil na iya rufe maka ƙofar `sudo` gaba ɗaya. `sudo cd` kuwa ba gyaran da zai sa ya kai ka wata folda, tunda `cd` na jikin shel ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci. `su` da `sudo` a gabanka suke ƙi, ka gani, ka gyara. Cron kuwa da tsakar dare yake ƙi, ba wanda ke kallo. A Debian, PATH ɗin da yake ba ayyukan mai amfani `/usr/bin:/bin` ne kawai, kuma ba ya karanta `.bashrc` ɗinka. Ka ɗauki makarantar da ke da XAMPP, inda `mysqldump`, mai fitar da kwafin rumbun bayanai, yake zaune a `/opt/lampp/bin`. Admin ya rubuta fayil ɗin ajiyar kwafi, ya gwada da hannu ya yi aiki, ya sa a cron ƙarfe biyun dare, ya tafi gida hankali kwance.

Ga abin da ke faruwa. Layin ya ce `mysqldump makaranta > ajiya.sql`. Shel yana buɗe fayil ɗin `ajiya.sql` kafin ya gano cewa babu umarnin. Saboda haka kullum da safe akwai fayil, da kwanan watan yau, girmansa sifili. In sunan bai canjawa kullum, ya ma share kwafin kirkin da aka yi da hannu. In kuwa an bi da shi ta `gzip` mai matse fayil, fayil ɗin zai fito da bayit 20, wato ba sifili ba, kuma lambar da za a bari ta nasara ce, domin ta umarnin ƙarshe ake ɗauka sai in an sa `set -o pipefail` a bash. Cron yakan aika saƙon kuskuren ta wasiƙar cikin gida, amma a sabar da ba ta da manhajar aika wasiƙa, zubar da shi yake yi, ya bar layi ɗaya a kundin aiki da ba wanda ke karantawa. Wata shida na iya wucewa a haka. Sai ranar da aka ɗauke wuta faifai ya lalace, a buɗe ajiya a tarar da fanko.

Ƙari a kan haka, cron da `/bin/sh` yake aiki, wanda a Debian da Ubuntu dash ne ba bash ba. Dash bai san `source` ba, bai san `[[` ba, sai ya ce `not found` a kan abin da ke aiki lafiya a taminal ɗinka. Ayyukan systemd, mai tayar da ayyukan tsarin, su ma ba sa karanta fayilolinka, haka umarnin da ka aika ta `ssh`, hanyar shiga saba daga nesa, a layi ɗaya ba tare da ka shiga ba: `.bashrc` na Debian da Ubuntu yana da 'yan layuka a samansa da ke dakatar da karatun in ba mutum ne zaune yana rubutu ba, don haka abin da ka ƙara a ƙasa ba a kai wa gare shi.

## A ina ake gyara, kuma ta yaya ake ɓatawa?

Idan ka shiga saba ta `ssh` ko ta allonta, bash yakan karanta `/etc/profile`, sannan ya nemi `~/.bash_profile`, `~/.bash_login` da `~/.profile` a jere, ya karanta na farkon da ya samu kaɗai. Wato ranar da wata manhaja ta ƙirƙira maka `.bash_profile`, daga ranar an daina karanta `.profile` ɗinka. In kuwa taminal ka buɗe a kan tebur, `~/.bashrc` ake karantawa. Abin da ya shafi kowa da kowa, wurinsa ƙaramin fayil a `/etc/profile.d/`. Shi kuma `/etc/environment` ba shel ke karanta shi ba, don haka in ka rubuta `$PATH` a ciki ba za a fassara shi ba, haruffan za a ɗauka yadda suke.

Mu koma ga matashin Tudun Wada. Abin da ya rubuta shi ne `export PATH=/opt/lampp/bin`. Abin da ya kamata shi ne `export PATH=$PATH:/opt/lampp/bin`. Na farkon ya yaga tsohon lissafi ya bar shago ɗaya, na biyun ya ƙara shago a ƙarshen lissafi. Da ya san cewa `export` na jikin shel ne kuma yana nan yana aiki, da layi ɗaya ya ishe shi:

`export PATH=/usr/local/sbin:/usr/local/bin:/usr/sbin:/usr/bin:/sbin:/bin`

Ko ya kira `/usr/bin/nano ~/.bashrc` da cikakkiyar hanya ya goge layin. Minti biyu. Al'adar da nake roƙon kowa ya ɗauka ita ce, duk lokacin da za ka taɓa waɗannan fayiloli, kada ka rufe tagar da kake ciki. Buɗe ta biyu ka gwada shiga. In ta ƙi, ta farkon tana nan da lafiyayyen PATH.

Wani ɗan abu kuma: bash yana tuna inda ya ga umarni don kada ya sake nema. In ka matsar da manhaja zuwa wata folda, zai iya ci gaba da zuwa tsohon wurin yana cewa babu fayil. `hash -r` ke mantar da shi.

## Abin da ido ba ya gani

Da yawanmu ta WhatsApp muke tura wa juna umarni, wasu ma daga waya suke shiga saba. Allon rubutun waya yakan mai da harafin farko babba, kuma a Linux `Sudo` da `sudo` abu biyu ne. Wani ya kwafo har da alamar `$` ta farkon layi. Wani ya kwafo daga shafin intanet da wani irin fili da ke kama da na kullum amma ba shi ba ne, sai shel ya haɗe kalma biyu ya ɗauke su suna ɗaya. Wanda ya rubuta `SUNA = Zariya` da fili a gefen alamar daidai, shel zai ɗauki SUNA a matsayin umarni ya tafi nemansa.

Fayil ɗin da aka rubuta a Windows aka kawo a filashi shi ma da nasa. Windows na rufe kowane layi da alama biyu, Linux da ɗaya. Ragowar alamar ita ke fitowa a matsayin `$'\r': command not found`, ko `bad interpreter` da `^M` a ƙarshe. `dos2unix` na wanke shi, `cat -A` kuma na nuna maka ɓoyayyun alamomin ƙarara.

## Inda ma'abota sana'ar suka saɓa

Wanda ya taso a Windows ya saba cmd yana fara duba foldar da yake tsaye a ciki, sai ya ji haushin rubuta `./` kullum, ya sa ɗigo, alamar foldar da ake ciki, a PATH. Masu yin haka sun ce sauƙi ne, kuma kwamfutarsu ce. A kan saba ban yarda ba ko kusa. Ka shiga `/tmp`, inda kowa ke iya ajiye fayil, ka rubuta `ls`, in ɗigon na gaba a lissafi to `ls` ɗin da wani ya dasa a wurin za ka tayar, da ikonka. Kuma a sani, ɗigo biyu a jere `::` ko ɗigo biyu a ƙarshen PATH ma'anarsu ɗaya da wannan ɗigon, kuma sukan shigo ba da niyya ba.

Saɓani na biyu shi ne ko a sa sabuwar folda a gaba ko a baya. A gaba, taka za ta rinjayi ta tsarin, wanda wani lokaci shi ake so, kamar sabon Python da ka ɗora don wani aiki. Amma foldar XAMPP cike take da nata kwafin kayan aiki irin su `php` da `curl`, in ta shiga gaba su za a riƙa ɗauka ba ka sani ba. Ga root dai, ni a baya nake sawa, ko ma in bar PATH yadda yake in rubuta cikakkiyar hanya.

Na uku, a cikin fayilolin da cron zai gudanar: wasu sun fi son cikakkiyar hanya ga kowane umarni, wasu sun fi son layin `PATH=` guda a sama. Duka biyun suna aiki. Wanda ba ya aiki shi ne dogaro da cewa tunda ya yi a hannuna zai yi da dare.

## Wa abin ke shafa?

Mai kula da saba ne ke ganin saƙon, amma ba shi kaɗai ke biyan kuɗinsa ba. Uban da ya zo karɓar sakamakon ɗansa aka ce ya dawo mako mai zuwa, malamar da za ta sake shigar da makin aji uku da hannu, mai kemis ɗin da lissafin bashinsa ya ɓace, cibiyar jarrabawar kwamfuta da ɗalibai suka taru tun asuba saba ba ta tashi ba, duk suna iya zama 'ya'yan layi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba. Ga kuɗin data na sake sauke tsarin, ga man janareta na kwana guda da aka ƙona ana gyaran gangar Auzinawa. Shi kansa matashin, amanar da masu makarantar suka ba shi ta yi rauni, a kan abin da ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa.

Da muka sake ɗora sabar tasa, mun sa layi ɗaya na wucin gadi a cron, `* * * * * env > /tmp/muhalli.txt`, muka jira minti ɗaya, ya buɗe fayil ɗin ya ga ɗan gajeren PATH ɗin da cron ke aiki da shi, sannan muka cire layin. Muka gwada fayil ɗin ajiyar a irin wannan muhalli da `env -i PATH=/usr/bin:/bin /bin/sh ajiya.sh`, ya ƙi, muka sa cikakkiyar hanyar `mysqldump`, ya yi. Muka ƙara `2>>` don kurakurai su riƙa sauka a fayil ɗin da zai iya karantawa. Yanzu kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci yakan ɗauki kwafin daren jiya, ya duba girmansa, ya zuba shi a wata tsohuwar kwamfuta ya ga ko sunayen ɗalibai sun fito.